Rigar Lamba Sha Biyar Da Aka Ce In Rage

Ranar Asabar ɗin nan Hadiza, ƙanwar maigidana, ta shigo da ƙawayenta biyu suka same ni na zazzage buhun kayan 'yan ƙwallon kwando a kan tabarma, ina ɗaga rigunan ɗaya bayan ɗaya ina juya su a hasken rana. Ɗaya daga cikinsu ta ce, "Yaya Rabi, ki watsa su ruwa mana ki huta. Wanki ne fa, ba duban asibiti ba." Suka kwashe da dariya. Ban tanka ba, don yaron da ke bayana bai daɗe da yin barci ba, kuma na san in na fara muryata tashi za ta yi. Amma ban manta maganar ba. To ku zauna, ga amsarku.

Ni 'yar Gwandu ce, aure ya kawo ni Kalgo. Karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba. Maigidana, Baban Ummi, ɗan wasa ne a ƙungiyar ƙwallon kwando ta wani Alhaji mai injin casar shinkafa. Ba wasan marece na samari ba ne, sana'a ce. Da ita suke riƙe gidajensu, mota ke kwasarsu zuwa wasu jihohi su kara da wasu ƙungiyoyi. A fili ba mai kiransa da sunansa, sai Giginya. In zai shiga ɗakinmu sai ya sunkuya. Gidanmu kuwa bayansa ya jingina da filin atisayensu, inda suke wasannin gida, in na kife turmi a wurin shanya na hau, ina ganin kwandunan biyu duka.

Aikin farko da na yi a sana'ar nan ɓarna ce. Inna Kulu, dattijuwar da ta riƙe wankin ƙungiyar kafin ni, ta miƙo mini rigar wani ɗan wasa, Sale, mai lamba bakwai, ta ce in kintsa ta ta shiga buhu. Na cika dutsen guga da garwashi, na danna a kan lambar. Da na ɗaga, bakwai ɗin ta bi dutsen, bayan rigar ya koma fayau. Inna Kulu ta dubi rigar, ta dube ni, ta ce, "Madalla, ɗiyata. Yanzu sai ki tahi ki gaya ma Sale shi shiga fili da dutsen guga rataye ga baya, don alƙali shi gane shi." Daga ranar na koyi cewa rigar wasa ba ta son wuta, ba ta son ruwan zafi, ba ta son rana tsaka. Baibai ake juya ta a wanke, a inuwar dogonyaro ake shanya ta. Baho uku nake aiki da su, na riguna daban, na safa daban, na bandejin gwiwa daban, don in jini ya shiga farin yadi ya zauna ke nan. Akwai tsohon buroshin haƙori na goge gefen lamba, akwai allura siririya da zare mai ɗan miƙewa, don in kika ɗinke da zaren atamfa, tsalle ɗaya zai tsinke.

Amma babbar dokar Inna Kulu ita ce wadda kuka yi wa dariya. Takan ce, "Kada ki jiƙa sai kin diba. Ruwa shina wanke datti, shina wanke labari."

Filin namu siminti ne, a waje yake, ƙwallo tana kwasar ƙasa, hannuwan kowa su yi baƙi. Saboda haka duk wanda aka taɓa a wasa, sai an bar masa shaida a riga. Rigar maigidana, lamba sha biyar, ita ta fi kowace ba ni wahala. Duk dawowa daga wasa sai in tarar da sawun tafin hannu a ƙugunta, wani kan wani, ga yagewa a hammatar hagu. Abokan karawa ne ke tura shi, in ya fi ƙarfinsu su cakumi rigar. Da fari haushi nake ji, nakan ce wannan wane irin wasa ne na yage wa mutum tufafi. Inna Kulu ta ce, "Ke, yi shiru. Wagga yagewa ita ce tuwonku. Ranar da kinka ga rigar ga ta komo lahiya, ranar za ki yi kuka."

Sai da na yi ta hawa turmi na gane nufinta. Baba Koci, tsohon mai horar da su, ya san mutanen da Allah ya ba shi. Uku daga cikin biyar ɗin da ke fara wasa 'yan bakin gulbi ne daga wajen Diggi, sun taso da tura jirgi da sungumar buhu, dogaye ne masu nauyi. Gudu kam babu. To sai ya ɗora wasan a kan abin da suke da shi. Audu kyaftin, wanda shi ne gajerensu, zai taho da ƙwallo a hankali. Giginya ya je ƙarƙashin kwando ya juya masa baya, ya dasa ƙafa. A ba shi ƙwallo, ya tura da ƙugu taku ɗaya, taku biyu, ya juya ya ɗora ta a allon kwando ta faɗa. In mutum biyu suka taru a kansa, to an bar Sale shi kaɗai a kusurwa, kuma duk ƙungiyar Sale ne kawai ke da hannun jifa daga nesa. Shi ke nan wasan. 'Yan kallo kan yi tsaki su ce kamar tafiyar amalanke. Amma ana ci, a dawo gida da kiɗa a mota.

Shekarar da Ummi ke goye, hawan jini ya kwantar da Baba Koci, ya koma garinsu Dodoru. Alhaji ya ɗauko wani saurayi daga babban birni, Koci Nura, mai waya faffaɗa kamar faranti, cike da wasannin ƙasashen waje. Ranar atisayen farko ina kan turmi da safa a hannu na ji ihunsa.

"Gudu! Gudu! Kafin in ƙirga bakwai ƙwallo ta bar hannunku! Giginya, me kake yi a ƙarƙashin kwando, haya ka kama a wurin? Fito waje ka buɗe hanya!"

Akwai wani layi mai lanƙwasa a filin, in aka jefa daga bayansa ta shiga, maki uku ne maimakon biyu. Can ya kora su duka su biyar, ya ce kowa ya jefa. Ku ji fa! Mutumin da ya shekara tara yana wasa bai taɓa jifa daga can ba, wanda hannunsa ke rufe ƙwallo kamar lemo, shi aka tsayar nesa kamar mai jiran mota. Ya jefa, ta bugi allo ta dawo. Ya sake, ba ta ma taɓa ƙarfen kwandon ba. In ta dawo kuma ba kowa a ƙasa da zai cafe, don an kore su duka waje. Sai abokan karawa su ɗauka su sheƙa, manyan mutanen nan su bi su a baya suna haki.

Buhun farko da ya dawo daga wasan waje a wannan shekarar ba zan manta da shi ba. Na zazzage, na ɗaga lamba sha biyar, na juya ta gaba da baya. Jiƙe take sharkaf, gishirin zufa ya yi mata fari har ƙasa, amma ba sawun hannu ko ɗaya, hammata lafiya lau. Ba wanda ya taɓa shi. To don me za a taɓa shi, mutumin da ya tsaya inda ba ya tsorata kowa? Na ɗaga ta Sale, wadda a da ko sabulu ba ta ci, na tarar an dame ƙirjinta da hannuwa, wuyan ya saki. Ka ga mutum biyun da a da ke kan Giginya sun koma kan mai jifa ɗaya tak da muke da shi. Safa kuwa duk diddigen ya huje, biyu da jini a wajen babban yatsa. Bandejin gwiwa da nake wanke ɗaya, na Audu, ranar uku na ƙirga. Kafin wata ya ƙare sun zama shida, ɗaya na maigidana.

Ban tambayi kowa yadda aka tashi wasan ba. Na aika wa Inna Kulu rigar, ta dawo mini da ita da kanta tana dogara sanda, ta ce, "Na gaya miki."

Aka yi ta cin mu. A gida a ci mu, a waje a ci mu. A gidan suna wata ta ce mini, "Matar Giginya, ashe giginyar taku ta tsuhwa?" Na yi kamar ban ji ba, na gyara goyona na fito ko tuwon ban ci ba. Shi kuwa in ya dawo sai ya zauna bakin ƙofa ya miƙe ƙafa yana shafa man zafi. Na ce masa, "Baban Ummi, mutumin ga ba shi ganin ku? Doki shika so, an ba shi shanun noma, shina ta bugu." Ya ce, "Koci ya san aikinai. Ke dai yi wankinki." Haka yake, ko ruwa aka ce ya shiga da takalmi, shiga zai yi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, da aka ga ba ci, Koci Nura bai taɓa cewa ko dabarar ce ba ta dace da mutanen ba. Cewa ya yi mutanen ne ba su dace da dabarar ba. Ya sa Alhaji ya kawo wani siririn ɗan wasa, Sani, mai gudu kamar an biyo shi. Aka zaunar da maigidana a benci wasa biyu, na uku aka ce ya je ya huta har ƙarshen kakar wasa, "za a duba". Kun san mene ne "za a duba" ga mutum mai shekara talatin da gwiwa mai ciwo? In kaka ta ƙare sunansa ba ya cikin 'yan wasa, ba ƙungiyar da za ta sake waiwayarsa. Ya ɗaure jakarsa ya tafi Gwandu, lambun albasar yayana, yana jan tiyo yana ban ruwa. Ni aka bar ni da wankin mutanen da suka kore shi.

Bayan kwana huɗu, da hantsi, aka yi sallama a zaure. Koci Nura ne da kansa. Riguna sha biyu kacal ƙungiyar ke da su, sababbi ba sa zuwa sai farkon kaka, shi ne ya zo a rage wa Sani lamba sha biyar. Na aika aka kira Inna Kulu ta zauna a tsakani, na sa hijabi na fito da riguna biyu, ta bara da ta bana, na shimfiɗa su a tabarma.

Ya ce, "Madam, ɗaya nake so. A yanke gefe da gefe, yaron siriri ne."

Na ce, "Malam Koci, don Allah ka diba wagga tukuna. Ta bara ce. Ɗinki goma sha ɗaya na yi mata ga hammata, ga su nan kana iya ƙirgawa. Wagga kuwa ta bana ce, ko allura ba ta taɓa gani ba."

"To ai kin huta ke nan."

"Ban huta ba. Bara mutum biyu ka riƙe shi, Sale shi samu sarari. Bana ba mai riƙe shi, sun koma kan Sale. Kai kac cire shi daga inda shika da amfani, sannan ka ce ba shi da amfani."

Ya yi 'yar dariya, ya dubi Inna Kulu kamar ita za ta taya shi. Ya ɗaga wayar nan tasa ya ce, "Kin san yadda ake wasa a duniya yanzu? Duk manyan ƙungiyoyi haka suke yi. Wasan tura ƙugu ya wuce."

Inna Kulu ta ce, "Ɗana, waɗanda ke cikin wayar taka, su ma Diggi anka haihe su?"

Nan fuskarsa ta canja. Ya miƙe ya ce, "Mama, kowa ya tsaya a aikinsa. Ni koci ne, ita mai wanki ce. Jibi nake son rigar."

Mai wanki. To ai gaskiya ya faɗa, mai wankin ce. Amma ni a aikina in aka kawo mini riga, sai na dubi yadinta kafin in zaɓi ruwan da zan sa ta. Ban taɓa tafasa ruwa na ce dole kowace riga ta jure ba, in ta lalace kuma in ce laifin rigar ne. Shi da aka ba mutane masu rai, masu iyali, ko wannan bai yi ba.

Na ɗauko almakashi na ajiye a gefe, na daɗe ina kallonsa. Sannan na mayar da shi cikin gwangwani. Na juya rigar baibai, na kalmashe faɗin yatsa uku a kowane gefe, na kwantar da rarar a ciki, na bi ta da ɗinkin hannu ƙanana ƙanana yadda ba za ta goge wa mai sawa fata ba. Ƙasan ma na naɗe na kama. Yini guda ya ci mini, Ummi tana kuka a baya, da yankewa na yi da kafin azahar na gama. In kin kalle ta daga waje sai ki rantse an yanke. Bayan kwana biyu aka zo aka karɓa, ba wanda ya juya cikinta.

Sani ba shi da laifi, kuma gudun da aka ce yana da shi, yana da shi. Daga kan turmi nake ganinsa, ya fizgi ƙwallo ya isa wancan kwandon shi kaɗai, ya waiga, 'yan'uwansa huɗu ko tsakiyar fili ba su kai ba, mutum uku sun kewaye shi. Ya jefa dole, ta dawo, ba mai cafewa. Wandonsa kullum da ƙujewa a gwiwa, don kayar da shi ake yi. Wata rana a atisaye na ji ya buga ƙwallo da ƙasa ya ce, "Koci, ni kaɗai aka ɗauka aiki ne? In na kuskure wa zai ɗauko mini?" Aka ƙara cin mu wasa huɗu. Saura biyu, kuma kowa a Kalgo ya san in ba a ci su duka ba ƙungiyar za ta faɗa rukunin ƙasa. Alhaji ya zo filin da kansa, ya faɗa a gaban jama'a cewa in ta faɗa, koci zai riga kowa barin gari.

Washegari bayan la'asar aka sake sallama a zaure. Wannan karon bai riƙo wayar ba. Rigar ce a hannunsa, a naɗe. Ya tsaya yana kallon bango ya ce, "Madam, na ce ko akwai sauran yadin da kika yanke? Ko za a iya mayarwa?"

Na ce, "Ba a mayar da yankakke, Malam Koci."

Na bar shi tsaye a nan har sai da Inna Kulu ta yi gyaran murya. Sannan na karɓi rigar na juya masa cikinta. Ya ga kalmasar kwance, ya sa yatsa ya taɓa. Na ɗauko reza na tsinke zaren farko, na ja, gefen ya buɗe har ƙasa.

Kuna tsammanin ya ce in yi haƙuri? Ko ya ce na gode? Cewa ya yi, "Yauwa. A kira shi a waya, gobe da safe atisaye." Ya fita.

Baban Ummi ya dawo daga Gwandu da warin albasa a jiki da gwiwa a kumbure. An nemo wa Sani rigar wani da ya ji rauni, na rage masa ita, ita ma kalmasa. A wasan farko, na gida, na hau turmi tun kafin a busa usur. Giginya ya koma ƙarƙashin kwando ya dasa ƙafa. Koci bai bar gudun duka ba, amma ya bar wa Sani shi kaɗai, in hanya ta buɗe ya sheƙa, in ba ta buɗe ba a jira manya su iso. Mutum biyu suka taru a kan maigidana, Sale ya samu kusurwarsa, ya jefa ta shiga, ya sake ta shiga. Muka ci. Na biyun a wata jiha aka yi, ban gani ba. Motar ba ta iso ba aka riga aka kawo labarin mun ci, amma ni ban yarda ba sai da buhu ya shigo. Na zazzage na lalubo lamba sha biyar. An yage ta daga hammata har ƙugu, bayanta baƙi ƙirin da hannuwan mutane. Na kai wa Inna Kulu ta gani kafin in sa mata ruwa.

Da aka yi walimar tsira a gidan Alhaji, an ce Koci Nura ya tashi ya yi jawabi a kan sabuwar dabarar da ya ƙirƙiro, ta haɗa gudu da ƙarfi. Aka tafa masa. Wata biyar na gudun banza da suka cinye gwiwar maigidana, ba wanda ya ambata. Har yau in zai tashi daga tabarma sai ya dafa bango, kuma bandejinsa ya fi na kowa kauri a bahona. Kocin yana nan, wayar ma tana nan, kuma na ji an ce ya fara zancen wasu samari masu gudu da ya gani a wani gari.

Shi ya sa kuka same ni ina ɗaga riguna a rana. Hadiza, ke da kika ce kina son in koya miki, ga sharaɗina biyu: ba ki jiƙa sai kin duba, ba ki yanke abin da za ki iya kalmashewa. Ni dai duk buhun da ya shigo, lamba sha biyar nake fara nema, in sa yatsa a hammatar hagu. Ta ranar Asabar ɗin nan da kuka yi dariya, yatsana uku suka shige. Miƙo mini allurar.